Tiyon numfashin injin Passat ya fashe, an toshe min shi da tsohon fulogi, yanzu wai sai na sayi turbo

Mai Passat:
Slm 'yan uwa barkanmu da dare. Dan Allah masana injin ku ba ni shawara kafin in tafka asara. Motata Passat ce ta 2002, injin 1.8 mai turbo. Wajen sati uku da suka wuce ta fara min rawa a silo, in na tsaya a danja allura ta dinga hawa da sauka kamar za ta mutu, ga warin baƙin mai yana shigowa har ciki, daga baya fitilar cek ta kama. Na kai wa wani bakanike ya leƙa ƙarƙashin manifol ya zaro wani baƙin tiyo da ya yi luguf kamar dafaffiyar kabewa, kana taɓa shi yana yagewa. Ya ce wai tiyon biriza ne, ba shi da wani amfani, Turawa ne kawai suka sa saboda dokar hayaƙinsu, sai ya samo tsohon fulogi ya cusa a bakin ya ɗaure da waya, ɗaya gefen ma ya toshe da noti. Gsky rawar ta ragu na ji daɗi na sallame shi.

To jiya na je Zariya, a hanyar dawowa tun daga Kwanar Dangora nake ganin hayaƙi shuɗi a madubi duk sanda na taka, ina isowa gida na buɗe bonet na tarar gejin mai ya ɗago daga wurinsa, mai ya fesa ko'ina. Yau wani ya duba ya ce turbo ya tafi sai an sayi wani, kuɗin da ya faɗa min wlh sai da na zauna. Ya kuke gani?

Baba Mai Gareji:
Wa'alaikumussalam. Yaro kar ka sayi turbo tukuna. Kuma kar ka sake hawa titi da fulogin nan a ciki. Shi wanda ya yi maka aikin, in aka toshe masa hanci da baki aka ce ya zagaya filin sukuwa da gudu ya zai yi? Haka ya yi wa injinka.

Ɗan Kwatano:
Hhhh motar Jamus kenan. Da Corolla ka saya da yanzu kana barcinka.

Mai Passat:
Ɗan Kwatano dan Allah bar ni da abin da ya dame ni. Baba Allah ya ƙara girma, wato kana ganin turbon bai mutu ba?

Baba Mai Gareji:
Ban ce bai mutu ba, cewa na yi ba a yanke masa hukunci alhali injin yana shaƙe. A buɗe masa numfashi tukuna sannan a gani.

Sarkin Hanya:
Baba da girmanka amma ni fa ina ganin ana zuzuta abin nan. Golf 3 ɗina shekara huɗu tiyon nan yana naɗe da robar tub, Kano Jos Kano Jos kullum, ko tari ba ta taɓa yi min ba. Masu turbo dai ku faɗi gaskiya injinku ne ba ya son wahala.

Baba Mai Gareji:
Naɗewa daban toshewa daban. Kai ka rufe ɓula ne iska tana bin hanyarta, shi an datse masa hanyar gaba ɗaya. Kuma Golf ɗinka ba ta da turbo, hanya ɗaya gare ta, tasa biyu ce. Injiniya kana kusa? Zo ka yi musu bayanin boko, ni hannuna duk giris ne.

Injiniya:
Ga ni Baba. To Mai Passat bari in ɗauko maka daga tushe dan ka gane abin da aka yi maka.

Duk injin da ke duniya, komai sabuntarsa, in fetur ya kama wuta a saman fistin wani ɗan kaso na iskar yana silalewa ta gefen ringi ya sauka ƙasa inda karanshaf da baƙin mai suke. Wannan iskar ɗauke take da hayaƙi da tururin ruwa da ɗanyen fetur, kuma ba ta tsayawa, muddin injin yana juyawa tana ƙaruwa, in ka taka totur ta ninka. Dole a ba ta hanyar fita. A motar da ba turbo abin da sauƙi, manifol kullum zuƙa yake, sai a ja tiyo daga injin zuwa manifol a sa ɗan bawul a tsakani, ya zuƙe hayaƙin a ƙona shi tare da fetur, shikenan.

Mai turbo kuwa manifol ɗinsa fuska biyu gare shi. A silo ko kana tafiya a hankali zuƙa yake, amma da zarar ka taka turbo ya ɗauka sai ya koma hurawa, a irin injinka wajen rabin bar yake turawa. Da an bar hanya ɗaya ce da turbon zai dinga hura iska cikin injin ta ƙasa kamar ana hura balan-balan. Shi ya sa aka yi hanya biyu. Ta farko tana zuwa manifol, akwai ɗan bawul mai barin iska ta wuce gefe ɗaya kawai, in turbo ya ɗauka sai ya rufe. Ta biyu tana zagayawa ta bayan kan injin ta haɗu da wadda ta fito daga murfin sama, su bi ta wani baƙin faifai zagayayye mai roba a ciki, su faɗa babban tiyon da ke kai iska bakin turbo, dan shi can kullum zuƙa ake.

Da tiyonka ya yage, manifol ya dinga zuƙar iskar waje ta ɓular, iskar da eyafulo, wato ɗan sensan da ke auna iskar da ke shiga injin, bai ƙirga ba saboda shi yana can gaba kusa da akwatin filta, sai kwamfutar motar ta ga iska ta fi fetur yawa ta dinga kokawar gyarawa, rawar silon kenan da fitilar cek. Kuma ka tuna iskar nan ba ta bi ta filta ba, ƙurar hunturun nan kai tsaye take shiga silinda. Da ya toshe gefen manifol ɓular ta rufe shi ya sa rawar ta ragu ka ɗauka ya iya aiki. Amma da ya toshe gefen injin sai hayaƙin ƙasa ya rasa mafita, ka hau babban titi ka taka, ya taru ya nemi inda ya fi rauni, ya cillo geji.

Mai Passat:
Ikon Allah. To hayaƙin salansa fa Injiniya, shi ne ya fi tayar min da hankali.

Injiniya:
Nan ne ake yi wa turbo ƙazafi. Baƙin mai yana shiga turbo da ƙarfin famfo, amma fitarsa ba famfo, gangarowa kawai yake ta wani faffaɗan bututu ya koma botom filet, wato farantin ƙasan injin inda mai ke taruwa. In ƙasan injin ya cika da iska mai matsi man ba zai iya gangarowa ba, sai ya taru a cikin turbon. Shi kuma turbo ba oyil sil na roba gare shi ba, sandarsa tana juyi sama da sau 100,000 a minti ɗaya, ga zafin salansa, wace roba ce za ta jure, 'yan zobban ƙarfe ne irin ringin fistin. In mai ya taru a bayansu zai wuce, wani ya bi salansa ya ƙone ya ba ka shuɗin hayaƙi, wani ya bi ta intakula, wato abin da ke sanyaya iskar turbo kafin ta shiga injin. Lafiyayyen turbo ma zai yi haka. Sau nawa aka sa wa mutum wani turbon ya fita daga gareji yana hayaƙi kamar yadda ya shigo.

Baba Mai Gareji:
Haka ne. Amma ni akwai abin da bai kwanta min ba. In na ƙasa kaɗai ya toshe ai na saman murfi yana nan a buɗe, ya kamata ya ɗauki nauyin ko da ƙyar. Geji ya tashi a tafiyar Zariya kawai, to cikin biyu akwai ɗaya, ko hanyar saman ma ta toshe da dattin mai tun da can, ko kuma ringi sun gaji hayaƙin ya yi yawa. Yaro wane mai kake zuba mata, kuma bayan wata nawa kake juyewa?

Mai Passat:
Baba gsky duk wanda na samu, yawanci mai kaurin nan 20W-50, juyewa kuma sai in na ga ya yi baƙi sosai.

Baba Mai Gareji:
To ka ji.

Injiniya:
Kai Malam. Wannan injin musamman na Passat da Audi A4 wanda aka ɗora a tsaye, man da yake ɗauka kaɗan ne da ƙyar yake kai lita 4, ga turbo yana dafa shi. An san shi da tara daskararren datti, har a 2004 kamfanin ya ƙara wa masu shi a Amurka garanti zuwa shekara 8 a kan wannan matsalar. Man da aka rubuta masa shi ne mai lambar VW 502 00, ka nemi 5W-40 na sintetik ka duba bayan galan za ka ga lambar. Dattin nan shi yake toshe bututun numfashi kamar yadda kitse ke toshe kwata.

Sarkin Hanya:
To ni tambayata, tunda bakaniken ya ce dokar hayaƙi ce ta kawo shi, me zai hana a cire tarkacen duka a saki tiyo ɗaya ya leƙa ƙasa kamar na tsofaffin roka? Su ai har yau suna aiki, kana ganin tiyon yana tururi a ƙasansu.

Injiniya:
Rabin maganarsa gaskiya ce. Da can haka ake yi, bututu ne ake sakewa ƙasa iskar tafiya tana jan hayaƙin, sai a farkon shekarun 1960 aka fara mayar da shi cikin injin a Amurka, jihar Kalifoniya ce a gaba tun motocin 1961, saboda hayaƙin da ya addabi garuruwansu. Amma ka lura ko a wancan lokacin sakewa ake ba toshewa ba, babu wani zamani da aka taɓa yin injin da ba ya numfashi.

Sakewa ƙasa kuma motar za ta yi tafiya ban musa ba, in an toshe gefen manifol da gefen turbo da kyau. Sai dai ka rasa zuƙar nan da take janye tururin ruwa da ɗanyen fetur daga cikin mai, man zai dinga saurin lalacewa, a injin da dama can dattin mai ne ciwonsa, ga wari a go-sulo, ga ɗigar mai a ƙasa, ga buɗaɗɗen baki yana kallon ƙurar titi. Dan a kai mota gida daga daji na yarda. Dan a zauna a haka ban yarda ba.

Sarkin Hanya:
Ku dai 'yan boko komai sai kun ce sai na kamfani. Talaka fa?

Baba Mai Gareji:
Talakan ne ma ya fi buƙatar ya yi daidai, mai kuɗi in injin ya buga gobe zai sauke wani. Kuɗin tiyon nan da bawul ɗinsa duka bai kai na tayar gaba ɗaya mai kyau ba.

Riwaya:
Oga Mai Passat kafin a kwance komai a sa mata kwamfuta a rubuta abin da ta faɗa, kar a goge. Ina kyautata zaton za ka ga P1136 ko kuma 17544 in da na'urar VCDS ta motocin Volkswagen da Audi aka duba, duk maganar ɗaya ce, iska ta fi fetur. In VCDS ɗin ce a shiga rukuni na 032, lamba ta farko ta silo ce ta biyu ta tafiya. In ta farkon ce ta haura sosai ta biyun tana daidai to ɓula ce ake zuƙar iska, in ta biyun ce ta haura a fara zargin eyafulo ko famfon fetur. Na faɗi haka ne dan mutane da yawa da sun ga wannan lambar sai su ruga su sayi eyafulo da oksijin sensa alhali tiyon ɗari biyar ne ya tsage. Bayan an gama aikin sai a goge a sake dubawa bayan kwana biyu.

Kuma dan Allah a daina fesa fetur a jikin injin yana aiki wai ana neman ɓula, na ga wanda girarsa ta tafi a haka. Akwai masu injin hayaƙi yanzu, a tura hayaƙi cikin tiyo duk inda ya ɓule za ka gan shi yana fita.

Ɗan Ƙonni:
Assalamu alaikum mutanen Najeriya. Ku naku na isansi da sauƙi hwa. Mu nan masu gazuwal, wato dizal, abin ya hi haɗari, wata rana munka ga wata babbar mota mai turbo a gareji, mai ya taru cikin intakula ba a sani ba, anka tada ta anka taka, sai injin ya kama shan man nan nashi yana gudu shi kaɗai, anka zare makulli bai mutu ba, hayaƙi ya ruhe unguwa kowa ya watse. Sai da wani tsoho ya shiga ya sa giya ta sama ya take birki ya saki kuloci sannan ta mutu. Tun ran nan in an yi aikin turbo ko na numfashi sai na ga an juye intakula da idona. Kuma ku riƙa bidanji, wato juye mai, kan lokaci.

Injiniya:
Gaskiyarka mutumin Ƙonni, dizal ba ya buƙatar fulogi, duk man da ya samu zai ƙona. Na fetur ba zai gudu haka ba, amma shawarar juye intakula ta shafi Mai Passat ma, in ba haka ba zai gyara komai ya ga hayaƙi bai tsaya ba ya ce ƙarya muka yi masa.

Mai Passat:
Na gode ƙwarai. To yanzu Baba in zan sayi kayan me da me zan ce a ba ni, kuma sabo ko na Baljiyam? Wani ya ce in je Ƙofar Ruwa in ciro na jikin tsohon injin ya fi na kwali ƙarko.

Baba Mai Gareji:
A ƙarfe na yarda da Baljiyam, a roba ban yarda ba. Injin da za a ciro maka daga jikinsa shi ma ya haura shekara ashirin yana shan zafi da mai, sa'an naka ne, wata uku ka dawo. Ka nemi sabo mai kyau, ka tafi da tsohon a hannunka da lambar injin, dan 1.8 ɗin nan kala-kala ne, na Golf 4 da aka ɗora a kwance tiyonsa daban da naka, ko a Passat ɗin ma na farko da na baya ba ɗaya ba ne. In babu a Kano a aiko maka daga Ladipo ko ka yi min magana in duba maka a Panteka.

Kuma kar wani ya yanko maka tiyon lagireto ya ce ai duk roba ce. Robar ruwa ba ta shiri da mai, kumbura take ta yi laushi, manifol yana zuƙa sai ta manne ta rufe hanya, ka koma gidan jiya ba tare da kowa ya sa fulogi ba. In dole sai an yi dabara to a sa tiyon da aka yi dan mai, mai kauri, kuma kar a lanƙwasa shi har ya karye a kwana.

Abin da za ka saya: bututun roba mai tauri da ke fitowa daga saman mazaunin filtar mai da zoben robarsa, tiyo mai baki uku da ke bin sa, ɗan bawul ɗin da ke zaune a ciki, tiyon bayan murfi, baƙin faifan nan, da kilif masu noti guda shida ko takwas. Ka ƙara da bututun geji, mai launin ruwan lemon nan.

Mai Passat:
Bututun geji kuma Baba? Nawa lafiyarsa ƙalau.

Baba Mai Gareji:
Ka dai saya.

Aikin kuma ga yadda yake, ko kai za ka yi ko za ka tsaya a kan mai yi. Da safe injin da sanyi. Ka ɗauki hoto ta kowane gefe kafin a taɓa komai. A kwance sukurori uku na tankin ruwa a cire wayar ƙasansa a kwantar da shi gefe, ba sai an zubar da ruwan ba, nan za ka samu hanyar sa hannu ƙarƙashin manifol. Kilif ɗin kamfani ba a kwance su, yanke su ake da filaya. Bututun ƙasan akwai wani ƙarfe mai kamar ƙafar wando da ya riƙe shi, a zare shi tukuna, kar a yi ta ja da ƙarfi. Nan ne wurin haƙuri, dan sau da yawa bututun yana karyewa ya bar gindinsa a cikin ramin, kuma ramin nan kai tsaye cikin injin yake zuwa, duk ɓarɓashin da ya faɗa sai a botom filet, daga nan ya je ya toshe rariyar famfon mai. A tura tsumma mai tsabta a ciki, a ciro gutsattsarin ɗaya bayan ɗaya da ɗan ƙugiya, sannan a zaro tsumman a hankali. A tabbatar tsohon zoben ya fito, a shafa wa sabon ɗan mai kafin a tura.

Bawul ɗin ka sa a baki ka hura kafin a ɗaura, gefe ɗaya iska za ta wuce ɗayan ta ƙi. Gefen da take fita shi ke kallon manifol. In aka juya shi turbo zai dinga hura cikin injin, na sha karɓar mota da wannan kuskuren. Bututun ƙarfen da ya zagaya baya kuma a ciro shi a wanke da kananzir har sai ka hura ka ji iska tana wucewa sakayau. Tunda hannu ya riga ya shiga wurin a lalubi ƙananan tiyoyin da ke kusa har da wanda ke zuwa sabon birki, duk wanda ya tsage a canza, in ka ji birki yana tauri wani lokaci daga nan ne.

Hajiya Mai Tiguan:
Sannunku da ƙoƙari, ina ta bin zancen. Baba ni tawa Tiguan ce 2.0 ita ma mai turbo, kwanan nan take wani fito kamar butar shayi in tana silo, kuma yaron da ke duba min mai ya ce in tana kunne murfin zuba mai ba ya buɗuwa sai da ƙyar, in ya buɗe fiton ya tsaya. Shi ma tiyon ne?

Baba Mai Gareji:
Hajiya barka da dare. Dangin ciwon ne amma naki akasin nasa ne, shi matsi ya yi masa yawa ke zuƙa ce ta yi yawa. A injinki an haɗe komai a wani baƙin akwati a saman injin, akwai faifan roba a ciki, in ya yage manifol sai ya dinga zuƙar cikin injin ba ƙaƙƙautawa, fiton kenan. Aikin bai kai awa ɗaya ba, sukurori ne a sama a fili, a cire akwatin a sa sabo. Amma kar ki bari ya kwana biyu, dan yana lalata oyil sil na baya wanda ke tsakanin injin da giya, shi kuwa sai an sauke giyabos kafin a kai gare shi.

Hajiya Mai Tiguan:
Allah ya saka da alheri Baba, gobe in sha Allah zan kai ta.

Ɗan Kwatano:
Hajiya in kin gaji akwai RAV4 a hannuna mai tsabta hhh

Admin:
Ɗan Kwatano ranar talla Juma'a ce, an faɗa maka ba sau ɗaya ba.

Mai Passat:
Slm jama'a na dawo da rahoto. Ranar Asabar muka yi aikin ni da wani bakanike daban da ƙanina ya haɗa ni da shi, na buɗe masa saƙon Baba yana karantawa yana dariya yana cewa wannan tsohon hannu ne. Mun fara ƙarfe takwas ba mu gama ba sai bayan la'asar.

Na farko dai Baba ka ci gari, bututun ƙarfen bayan nan a toshe yake tam, abin da muka zaƙulo daga ciki kamar kwalta, sai da muka jiƙa shi a kananzir muka yi ta zura waya. Faifan ma robar cikinsa ta bushe ta tsage. Bututun ƙasan ya karye a ramin kamar yadda ka faɗa, mun fi awa ɗaya muna tsintar gutsattsari. Bututun geji kuwa gwiwar hannun bakaniken ce kawai ta goge shi ya ruguje kamar ƙuli-ƙuli, na ciro sabon daga leda ya tsaya yana kallona.

Mun cire tiyon bakin turbo ya kama sandar ya girgiza, tana ɗan motsi gefe da gefe kaɗan amma ba ta gaba da baya kuma fankar ba ta taɓa jikin gidan ba, ya ce wannan da sauransa. Intakula mun juye mai ya kai kofin shayi. An auna matsin silinda huɗun duk sun zo kusa da juna, ya ce ringi ba su mutu ba. Na juye mai na sa 5W-40 da sabuwar filta. Riwaya lambar da ka faɗa ce ta fito, 17544, an goge ba ta dawo ba.

Silo ya zauna cif. Hayaƙi ranar farko yana nan har gabana ya faɗi, rana ta biyu ya ragu, jiya na je Wudil na dawo ban ga komai a madubi ba.

Injiniya:
Madalla. Wanda ya rage a salansa ne yake ƙonewa. Man nan kar ka bar shi ya daɗe a wannan zagayen, sabon mai zai dinga kwaso tsohon datti, ka juye da wuri ka canza filta, kuma in fitilar mai ta taɓa ƙiftawa ko sau ɗaya ka kashe motar a wurin, a sauke botom filet a wanke rariya.

Sarkin Hanya:
To Allah ya sa alheri. Ni dai robar tub ɗina tana nan daram.

Mai Passat:
Saura abu ɗaya Baba, da safe ina ganin ɗigon mai kaɗan a ƙasa ta gaban injin, wajen fule, da can babu shi.

Baba Mai Gareji:
Matsin nan ne ya tura oyil sil na gaba, ko na kamshaf ko na karanshaf, wanda ya riga ya buɗe ba ya komawa. Dukansu a bayan tayimin bel suke, kuma man yana sauka a kan bel ɗin yana cin sa. Yaushe rabon da a canza shi?

Mai Passat:
Wlh tunda na sayi motar ban taɓa ba, shekara biyar kenan, wanda ya sayar min ma bai ce komai ba.

Baba Mai Gareji:
Injin nan bawul 20 gare shi, biyar a kowace silinda, in bel ya tsinke kana tafiya fistin zai same su ya lanƙwasa. Ajiye motar. Ka ce wa bakaniken naka ya janyo gaban motar gaba ɗaya, a canza bel da tenshina da famfon ruwa da sil ɗin duka biyu a zama ɗaya. Ka turo min hoton bel ɗin in an buɗe murfin.